Jan Haske da Ƙamshin Kanumfari

Daga Maska.

Zuwa gare ki, 'yar Iya.

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Zariya lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutanen hanya, Ya haɗa ki da abokan zama masu tsoronSa a makarantar nan da kika tafi. Na cusa ta a ledar garin ɗanwake ne don na san nan za ki fara buɗewa, ke da ɗanwake sai Allah. Ƙuli-ƙulin kuwa ni na daka shi ya zama gari, kada ki zagi direba ki ce shi ya danne miki kaya. Da wayar gyaran haƙoran da ke bakinki ba ki da sauran harka da abu mai tauri, ko rake, ko aya, ko gasasshiyar masara, in ma kin manta to na tuna miki. Ki yi haƙuri da karkacewar rubutun, hannun 'yar yaƙi da jahilci ne.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro. Akwai ciwon da kike ɓoyewa a muƙamuƙinki na hagu, kuma ba ciwon waya ba ne. Ina so ki faɗa wa likitarki kafin ta sake kunna miki jan hasken nan a baki. Na san yanzu kin ɗaure fuska kina cewa wa ya gaya wa Yaya. Babu wanda ya gaya mini. Ki zauna ki karanta, zan faɗa miki yadda aka yi na sani, da kuma wautar da na yi ta tafkawa kafin in sani.

Ke ce 'yar farina. Ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa goya ki a gaban mutane ba, ko nono sai Iya kakarki ta yi mini tsawa ta turo ni ɗaki sannan in ba ki. Da aka yaye ki kika koma ɗakinta, kika tashi kina kira na Yaya kamar yadda ƙannena ke kira na. Haka muka taras ana yi, kuma a lokacin yabo na ake yi, ana cewa matar Malam akwai kunya. Ni kuwa sai kaina ya yi girma, na ƙara a kan abin da al'adar ma ta nema. Ranar da haƙorinki na farko ya fita kin zo da gudu, jini a haɓa, haƙorin a tafin hannu, kika wuce kowa a tsakar gida kika tsaya a gabana. Matan gida suna ta sussukar dawa, duk suka tsaya suna kallo su ga abin da zan yi. Ban ko kalli hannun ba, na ce ki rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin haƙorin ya ƙi fitowa. Da ma haka ake ce wa kowane yaro, wasa ne, sauran yara da sun ji sai su ƙara wage baki su bi ƙadangarun da gudu. Ke kuwa kika haɗe leɓe kika juya. Iya ta ce mini kwana da kwanaki ko a barci hannunki na kan baki. Giɓin ya cike, haƙoran suka fito a cunkushe, na gaba suka turo waje, amma hannun nan bai sauka ba har kika zama budurwa. Kowa ya ɗauka kunyar haƙoran kike ji, har Kawunki Lawal na Kaduna da ya dage sai an kai ki an sa miki waya. Ni na san ranar da hannun ya hau. Saboda haka ki ji da kyau: in abu ya same ki a can, ki je gaban wanda ya dace ki buɗe baki ki nuna. In ya kau da kai kamar yadda na yi, ki ja rigarsa.

Wauta ta biyu kin san rabinta, don kina aji ɗaya na sakandare lokacin. Mahaifinki ya fara riƙe muƙamuƙi ne da damina ta yi tsakiya, masara ta fara goyo. Ya ce haƙori ne. Na ce to, na kawo kanumfari na daka masa, yana ɗiba yana cusawa a kuncin hagu. Ya ce yana jin sauƙi, ni kuma na ji daɗi na iya magani. Da wanda nake sa wa kunu ya ƙare na aika kasuwar Funtuwa aka auno mini mai yawa. Har ƙulla masa nake a gefen hula in zai tafi gona. Gidan nan gaba ɗaya ya koma ƙamshin kanumfari, rigunansa, matashinsa, buzun sallarsa, har kofin da yake shan ruwa.

Kin san halin mutanenmu, manomi ba ya ciwo sai an kai amfani gida. Na taɓa yi masa maganar asibiti sau ɗaya, ya ce a bari a karya masara. Aka karya, ya ce a bari a yanke waken suya kada ya fashe a gona. Aka yanke, sai ga auduga ta buɗe. Ni kuma maimakon in tayar da hankalin gidan, in kira yayyensa, in zauna a bakin zaure in ce ba inda za shi, sai na shiga yabonsa wurin mata ina cewa Malam ba shi da raki. Gemunsa mai cika ne, ya kuma riƙa naɗa rawani har a cikin gida, abin da ba ya yi da. Ban tambaya ba. Ranar da ya cire rawanin a gabana don ya gagara naɗuwa, abin da na gani a ƙarƙashin gemun nan ya kai ƙwallon mangwaro, ga tauri, kuma ya ce wurin ma ya daina jin taɓi. A Funtuwa suka duba suka tura mu Zariya. Likitan can ya tambaye ni tun yaushe, na faɗa masa. Ciwon daji ne. Ya ce kanumfari ba shi ya kawo shi ba, amma shi ya rufe masa baki har ya yi girma.

Bai ga wata daminar ba. Da aka gama yi masa sutura aka kira ni in yi masa addu'a, an ɗaure masa haɓa da ƙyalle kamar yadda ake yi wa kowa, an zuba turare iri-iri, amma wallahi da na durƙusa kanumfari kawai nake ji yana fitowa ta cikin likkafanin. Tun ranar na hana kanumfari shiga gidana. Kun sha mita kunun gidanmu salam yake, zoɓonmu ba ƙamshi, yajinmu bai kai na maƙwabta ba, ban taɓa ba ku amsa ba. To ga amsar yau. Abin da nake so ki riƙe shi ne, ciwo ba ya jiran kaka, haka nan ba ya jiran a gama jarrabawa. Kada in ji kin ce sai an yi hutu.

Yanzu ga maganar haske. Ranar da aka fara ɗaure miki wayar ni na raka ki Zariya, kin tuna, don Kawunki ya yi tafiya. Likitar nan taki 'yar ƙabilar Ibo ce amma haifaffiyar Funtuwa, iyayenta na da shagon kayan gini, Hausa a bakinta har ta fi tamu gishiri. Ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce wayar jan haƙora take a hankali su koma layi, shi ya sa duk lokacin da aka ƙara ɗaure ta baki zai yi tsami, washegari ya fi tsanani, sannan ya riƙa sauka kafin mako ya zagayo. Ta fito da wani abu kamar biro mai igiya, ta ce sunansa leza, amma mai sanyi ne, ba ya yanka ba ya ƙuna. Ana ɗora bakinsa a kan dasashi saitin jijiyar kowane haƙori na ɗan lokaci kaɗan, sai ya rage zafin da zai biyo baya, mutum ya rage shan ƙwaya. Ta ce wasu yana yi musu aiki sosai, wasu kaɗan, ba ta yi mana alkawarin ƙarya ba. Sannan ta miƙa miki baƙin tabarau, ta sa nata, ta ba ni ɗaya ta ce kada in kalli hasken da ido tsirara.

Ba na mantawa. Tsakar rana ce, amma da na sa gilashin ɗakin ya yi duhu. Kina kwance a miƙe a kujerar nan, an lulluɓa miki farin ƙyalle daga wuya zuwa ciki, hannuwanki a gefe, ba kya motsi. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai wani ɗan tsit-tsit da injin ke yi in za ta matsa gaba. Da ta kai can ciki sai na ga leɓenki da gefen kumatunki sun yi ja daga ciki kamar an rufe garwashi da tafin hannu. Idanunki ba na ganinsu. Na ji kamar an mayar da ni gaban shimfiɗar mahaifinki, na kama salati a zuci har ta kashe.

Kafin ta kunna ta yi miki wata tambaya, a nan ne na yi wauta ta uku. Ta ce, "Ban da wayar nan, akwai wani wuri da ke miki ciwo, ko kumburi, ko inda ya mutu ba kya jin taɓi? Hasken nan zafin waya kawai yake ragewa. In akwai wani abu daban sai na fara sanin mene ne, don akwai wurin da ba a ɗora shi."

Kika juyo kika kalle ni. Ita ta yi tambaya amma ni kika kalla, irin kallon ranar haƙori. Ni kuwa da girmana, da furfurata, da abin da na gani da idona, sai kunyar nan ta taso mini, na mayar da ido kan kalandar bango na ce, "Ai ita ba ta da raki, likita." Kalmar da na yi wa mahaifinki ado da ita, ita na ɗauko na yafa miki. Kika ce babu komai. Ban sani ba ko a lokacin da gaske babu, ko ni na rufe miki baki. Daga ranar kuma kin ce kin gane hanya, kika riƙa zuwa ke kaɗai, ni ma na ji sauƙi don tsoron ɗakin nake. In ta sake tambayarki, ba ni a wurin balle ki kalle ni, ki ba ta amsar gaskiya.

Hasken ya karɓe ki, wannan ba musu. In kin dawo daga ɗauri kina cin tuwo mai laushi washegari, ba kamar 'yar gidan Alhaji Sule ta Malumfashi ba da aka ce sai ta yi kwanaki tana shan koko kawai. Haƙoran suka fara komawa ciki. Sai wani abu ya faru da ban yi tsammani ba. Da leɓenki na sama ya sauka ya zauna daidai, bakin mahaifinki ne sak ya fito a fuskarki. Da can turowar haƙoran ta ɓoye shi. Kullum kika dawo daga Zariya sai in ga an ƙara maido mini da wani yanki na fuskarsa, in kin yi murmushi sai gabana ya faɗi. Iya da idonta ya yi rauni ta shafa fuskarki ran nan ta janye hannu da sauri, kin ɗauka wayar ce ta soke ta.

Da daminar bana ta kankama, masara ta yi tsawo ta rufe gidan ta kowane gefe har ba a hango hanya, sai ƙamshin ya dawo. Na fara jinsa ne tsakanin azahar da la'asar, lokacin da garin ke yin tsit kowa yana gona, ba ka jin komai sai ganyen masara yana gogar juna. Ina tsince wake a tsakar gida ya bugi hancina, daga ɗakin mahaifinki, wanda kika koma ciki don karatu. Na tashi na leƙa, ba kowa, kin tafi islamiyya. Shimfiɗa a gyare, taga a rufe, ƙamshin kuwa kamar yanzu ya tashi daga kan gadon. Na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama, ni da ɗakin da ba kowa, har ina jiran a amsa.

Daga nan ya riƙa bi na. In ɗauki dardumar salla in ji shi. In ɗauki kofi a bakin randa in ji shi a bakin kofin, daidai inda leɓe ke taɓawa. Wata ranar Juma'a na fito daga madafa da faranti, na gan shi zaune a kan turmin da yake zama a inuwar zaure, kai a karkace, hannu ya tallafe haɓa ta hagu, yana kallon ƙasa. Farantin ya suɓuce. Da kika ɗago na ga ke ce, cikin farin hijabi, kika ce Yaya lafiya? Na ce santsi ne.

Ki ga inda hankalina ya tafi. Na ce Malam ne bai yafe mini ba. Na yi sadakar waina, na sa an yi masa addu'a a masallaci, na hau mashin har Dayi wurin wani malami ya ba ni turaren hayaƙi da rubutu, na bi kusurwa-kusurwa ina tofi. Malamin ma, Allah Ya saka masa, ya ce mini mamaci ba ya dawowa, in duba gidana da kyau. Na ji haushinsa na ce bai iya aiki ba. Na nemi amsa wurin wanda ke cikin kabari, na nema wurin aljanu, ke kuwa da muke cin tuwo kwano ɗaya ban tambaye ki ba. Ga shi kina tauna ta dama kawai. Ga shi kin daina cire hijabi ko a tsakar gida, ko zafi ya kai yaya, ni kuma ina ta faɗa wa mata ustazanci ya kama ki. Hijabin nan yana rufe daidai inda gemu da rawani suka rufe. Duk na gani, na ƙi haɗawa, don fatalwa ta fi mini sauƙi a kan abin da zai fito in na haɗa. In kin ga abin tsoro a rayuwa, ki fara duba na kusa da ke mai numfashi tukuna.

Shekaranjiya da hantsi, kin tafi sallama gidan ƙawayenki, na shiga haɗa miki kaya. Na ɗaga matashi don in cire rigarsa in wanke, sai ga ƙullin leda ya faɗo. Kanumfari ne, ya kai cikin tafi. A bayan gadon kuma, ta jikin bango, ga waɗanda aka tauna aka tofar sun bushe, tari guda. Na zauna a ƙasa. Wallahi da Malam ɗin na gani tsaye da likkafaninsa da ban ji tsoron da na ji ba. Likita ta ce zafin waya ba ya wuce 'yan kwanaki, hasken ma yana rage shi, wannan tarin kuwa na wata da watanni ne. Kuma a wurina kika koya, kina yarinya kina kallo ina daka wa mahaifinki.

Na so in tare ki da kika dawo. Na shirya maganar, na buɗe baki, sai na ji na ce ki duba ko awaki sun sha ruwa. Shekara ashirin ina kau da kai, wuyan ya ƙage. Shi ya sa na rubuta.

Ba na ce abin da ya kama shi ne ya kama ki ba, Allah Ya kiyaye, Ya nisanta. Mai yiwuwa turmin haƙori na ƙarshe ne da ke fito wa mutum bayan ya girma yake neman hanya, ko wani haƙorin ya ruɓe, ko wayar ce ke sukar wani wuri, duk aikin rana ɗaya ne a wurinsu. Ni ban sani ba, ke ma ba ki sani ba, kanumfari ma bai sani ba. Wadda za ta sani tana nan cikin garin da kike yanzu, kuɗin Keke Napep ne tsakaninku. Kada ki jira ranar ɗauri. Ki je da safe, ki cire hijabin a gabanta, mace ce 'yar'uwarki, ki kama yatsanta ki ɗora a wurin. Ki gaya mata tun yaushe, ki gaya mata abin da kike cusawa, ki gaya mata abin da ya kashe mahaifinki, don ban taɓa faɗa mata ba. In ta ce a ɗauki hoto a ɗauka. In ta duba ta ce ba komai, to ta kunna haskenta, ni da kaina zan sa mata albarka.

Ƙullin na ɗauke, kada ki wahalar da kanki nema a jaka, na jefa shi a murhu. Kada ki sayi wani. Na share bayan gadon, na wanke ɗakin da omo, na buɗe taga, amma har yanzu da nake rubutun nan a bakin ƙofarsa ƙamshin bai fita ba, kuma na san ba zai fita ba sai na ji abin da likita ta ce.

In kin fito daga wurinta ki kira lambar Kawunki ki kira tawa. In kin ji na fara tambayar ya makaranta, ya abinci, ya ruwan Zariya, ki katse ni, kin san halina. Amma tun da a takarda ba mai kallona, bari in yi abin da ya kamata in yi tun ranar da kika tsaya a gabana da haƙori a hannu.

Ramlatu. Ramlatu, 'yata, ina ne yake miki ciwo? Nuna mini.

Ga shi na rubuta har sau biyu, ba abin da ya faɗo.

Iya tana gaishe ki, ta ce ki riƙa addu'ar fita. Ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya sa abin ya zo da sauƙi, Ya jiƙan mahaifinki Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya dawo mini da ke da ƙafafunki, kina dariya ba hannu a baki. Ina nan zaune da waya a cinya.

Wassalam.

Wadda kike kira Yaya,
mahaifiyarki.